Guɗa a Matoya

Uwata maginiyar tukwane ce, kuma baiwa ce. A gidan da na tashi a Kontagora ba a raba waɗannan biyun. Tukwanenta ne suka sa aka saye ta, su ne kuma suka sa aka bar ta wuri ɗaya shekara da shekaru, alhali matan da aka ɗauro su igiya ɗaya da ita duk an watsar da su, wasu kudu, wasu arewa. Daga wani ƙauyen Kambari aka kamo ta tana budurwa, lokacin garin nan bai daɗe da kafuwa ba, Turawa kuwa ko labarinsu ba mu ji ba. Har ta bar gidan Hausa ba ta zauna a bakinta ba. Namiji ta ce masa "ta", mace ta ce mata "shi", yaran gida su yi ta ƙyaƙyata dariya, ita ko a jikinta.

Ubangijinmu bafatake ne mai jakuna da yawa, rabin shekara ba ya gari. Gidan a hannun uwargidansa yake, wata doguwar mace 'yar Sakkwato mai magana a hankali. Ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ta bugi baiwa ba, kuma ban taɓa ganin wadda ake tsoro kamarta ba. Ni a gidan aka haife ni. Ubana bawan gidan ne, ya bi ayari ina goye, bai dawo ba. Haifaffen gida ba a sayar da shi, abin kunya ne, kowa ya san haka. Amma uwata sayayya ce, kuma abin da aka saya ana iya rabuwa da shi duk ran da aka ga dama. Uwargida ba ta ɓoye mana wannan ba. Wata rana tana duba tulunan da aka jera mata a tsakar gida, ta dubi uwata, har da murmushinta, ta ce, "Hannun ga naki shi ka riƙe ki gidan ga. Ran da yad daina, ke san saura."

Uwata ta durƙusa ta ce, "Na ji, ranki shi daɗe." Ta kwashi tulunan ta kai madafa.

Wurin aikinmu wata rumfa ce a can bayan gida, kewaye da zana, jingine da turken jakuna. Babu mai zuwa can saboda wari da caɓi, kuma mun gode wa Allah da haka. Da sassafe mukan tafi bakin rafi mu haƙo yumɓu, mu ɗauko a ka. Mu jiƙa shi kwana biyu. Ni ke daka tsofaffin fasassun tukwane a turmi har su zama gari, a zuba a ciki don kada sabuwar tukunya ta tsage a wuta, sannan in shiga da ƙafa in yi ta takawa har yumɓun ya daina kama diddige. Idan na ce ya yi, uwata takan gutsuri kaɗan ta murza a yatsa, ta sa a harshe, ta tofar, ta nuna mini wurin da baki. Wato in koma.

Ba ta koyar da baki. Takan zauna da wani tsohon kasko a gabanta, ta danna curin yumɓu a ciki da tafin hannu ta fitar da gindin tukunya, sannan ta miƙe tsaye. Ta murza yumɓu ya yi tsawo, ta riƙa ɗorawa tana kewayawa da baya-baya, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje, tukunyar na zaune ita ce ke juyawa. Ta kankare da sakaina, ta shafe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, ta mirgina murɗaɗɗiyar igiya a kafaɗa don ado. In ta sha iska, ta shafa jar ƙasa, ta goge da wata tsakuwa mai santsi har mutum ya ga ƙyalli. Ni kuma ina gefe ina kwaikwayo. Idan na gama na kawo mata ina washe baki, sai ta zura hannu ta shafa cikin, in bai yi mata ba ta ajiye a ƙasa ta take da ƙafa, ta ci gaba da aikinta. Na yi kuka har na gaji. Sau nawa na ce a raina wannan matar ba ita ta haife ni ba. Sai da na yi shekara huɗu kafin ta bar tukunyata ta farko ta bushe, kuma ko ranar abin da ta ce kawai shi ne, "Kai shi inuwa."

Matoya, inda ake toya tukwane, tana bayan ganuwa wajen rafi. Duk maginan garin rana ɗaya suke fita, Hausawa da Nufawa da Kambari da Dukawa, bayi da 'ya'ya, kowa da tarinta. A can babu wadda ke tambayar wa ya mallaki wa. Babbarsu wata tsohuwar Banufiya ce mai ido ɗaya da murya kamar ta namiji, muna ce mata Iya. Ƙa'ida ɗaya suke da ita wadda ba a wasa da ita: wadda ta gina tukwane, ita ce za ta kunna musu wuta da hannunta. Sun ce yumɓu ya san hannun da ya taɓa shi, idan baƙon hannu ya sa masa wuta sai tarin ya fashe. Ba na tuna wanda ya faɗa mini wannan, kamar yadda ba na tuna wanda ya faɗa mini wuta na ƙuna. Kuma ran da yarinya ta fara kunna tarinta ita kaɗai, tsofaffi sukan rangaɗa mata guɗa, da yamma su raka ta har gida ɗauke da mafi kyawun abin da ta gina, a san ta isa.

Na ga an yi wa 'yan matan da na girme su, waɗanda wallahi tukwanensu ko kaji ba zan ba ruwa a ciki ba. Ni ina tsaye bayan uwata riƙe da sanda.

Da wata damina hannun uwata na dama ya fara rawa. Na fara gani a bakin wani tulu, ya fito a karkace, abin da ban taɓa gani daga hannunta ba. Ta dube shi, ta take shi da ƙafa kamar nawa. Ta ce sanyi ne. Ta sha saiwoyi, ta yi turare, wata Bafulatana mai kawo mana busasshen kashin shanu ta ba ta man shafawa. Damina ta wuce, sanyi ya wuce, rawa ba ta wuce ba. Idan za ta shiga cikin gida sai ta cusa hannun a zane, ko ta ɗauki wani abu mai nauyi, domin in yana ɗauke da kaya yakan lafa.

Ba mu taɓa zama mun shawarta ba. Wata safiya dai ta fitar da gindin tukunya a kasko, ta tura shi gabana, ta koma ta zauna bakin zana tana leƙen hanya. Daga ranar haka muke yi. Ita ta fara gindi, ni in ɗora sauran. Ranar tuya ita ke kunnawa, kuma ba ta ga ta saɓa ƙa'ida ba, tunda babu tukunyar da hannunta bai fara ba. Rani biyu muka yi a haka, babu wanda ya gane.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, na ji haushi. Tukwanen sun fi na da kyau, ni na sani, ita ma ta sani. Matan unguwa suka riƙa aiko da a ajiye musu. Uwargida ta ɗaga wani tulu ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi ƙara tar, ta ce wa uwata, "Ke kam tsuhwa ƙara miki hannu takai." Uwata ta sunkuyar da kai ta yi godiya. Ni ina tsugune a gefe da yumɓu har gwiwar hannu, ana ce mini in matsa kada in ɓata tabarma. Na san dalilin da ya sa muke yin haka. Na san in asiri ya tonu za a raba ni da ita. Amma sani daban, zuciyar budurwa daban, kuma tawa ba mai sanyi ba ce tun asali.

A rani na uku, da zafi ya fara, uwargida ta ce tana son babbar randa kafin maigida ya dawo da baƙi, wadda za ta ɗauki ruwan gidan gaba ɗaya. A wannan makon zazzaɓi ya kwantar da uwata. Da ta tashi, hannu biyu ne ke rawa, har kai ma ya soma. Ludayi ba ta iya kaiwa baki sai rabin kunun ya zube. Na kawo mata kasko da curin yumɓu, ta danna, ta sake dannawa, abin ya fito kamar sawun jaki. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ture kaskon gefe, ta ce, "Yi duka."

Na yi duka. Tukwanen miya, na tuwo, tuluna, kasake, da randar. Kwana huɗu na yi ina gina ta, in ɗora kamu biyu in bar ta ta sha iska, in rufe bakin da ɗanyen ganye, gobe in ci gaba. Da ta wuce ƙuguna sai da na riƙa hawa turmi kafin hannuna ya kai ciki. Ta tsaya daidai ƙirjina, kafaɗarta a buɗe, wuyanta a tsuke, ko'ina kauri ɗaya. Na goge ta da tsakuwa har yatsuna suka yi kanta. Da rana in ina aikin wani abu sai in sami kaina na je na ɗaga tabarmar da na rufe ta da ita ina kallo. A garin nan kaf babu mai iya gina irinta, har Iya, kuma ba fahariya nake ba.

Ana gobe tuya, muna ƙona ciyawa a cikin tukwanen don su ɗumama su saba da zafi, na ce, "Inna, wa zai kunna?"

"Ni."

"Ba ki taɓa ko ɗaya ba fa."

"Na sani."

"To ko ki bi su ki dafa, ɗaya bayan ɗaya?"

Ta yi tsaki. "Dafawa gini ne? Shi riga shi bushe. Kada mu yi ma kanmu ƙarya." Sannan ta ce, "Ni za ni kunna. In shi fashe, shi fashe. Ƙasa bai ƙare ba a rafi."

Wannan matar ce fa da ta taɓa marina don na miƙa hannu kusa da wutar wata. Ita ce yau take cewa in sun fashe su fashe. Na gane abin da ta zaɓa, kuma na gane don wa ta zaɓe shi. Na ce to. Har ga Allah da na ce to ɗin nan da gaske nake.

Washegari tun da asuba muka fara jigila. Randar sai da mata uku suka taya ni, a kan tsohuwar tabarma. Na shimfiɗa itace, na kifa ta a tsakiya, na jera ƙananan a kewaye baki a ƙasa, na toshe tsakani da kashin shanu, na rufe da fasassun tukwane, sannan ciyawa har ta yi tudu. Uwata na zaune tana nuni da baki kamar kullum, hannuwanta cikin zane, babu wanda ya ga abin mamaki, an san ta tashi daga ciwo. Dole a kunna da hantsi kafin iska ta tashi. Iya ta hura wuta a tsakiyar fili, kowace maginiya ta zo ta zari itace mai ci ta nufi tarinta.

Uwata ta tashi. Ta zari nata da hannu biyu. Tsakanin wutar Iya da tarinmu bai fi taku ashirin ba, ina biye da ita. Itacen na kaɗawa, garwashi na zuba a kan ƙafarta, ba ta ko duba ba. Ta wani ɗan gibi a cikin ciyawar na hango jar kafaɗar randata.

Daga baya na yi wa kaina dalilai masu kyau. Na ce ai in da sun fashe ma uwargida cewa za ta yi hannun ya mutu, duk ɗaya ne. Na ce tsoro na ji kada ta ƙone zanenta. Shekaru na yi ina lallashin kaina da waɗannan. Ƙarya ne. A lokacin ban tuna da uwargida ba, ban tuna da uwata ba. Ƙarar da randa ke yi in ta fashe a wuta kawai na ji a kunnena, wannan tas ɗin da ke sa maginiya ta dafe ciki, na ji ba zan iya ba. Na kama itacen.

Ba ta saki ba. Da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta riƙe, ta ce a hankali, "Ke, bari." Na fizge. Na durƙusa na cusa wutar a gindin ciyawa, na zaga na cusa ta ɗaya gefen, ta kama.

Da na ɗago, kowa na kallona. Iya ta tako, ta karkata kai ta dube ni da idonta mai gani, ta dubi tarin, ta ce, "'Yar nan, duka naki ne?"

Na gyaɗa kai.

Sai ta dafe hanci ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa daga kowane gefe. Wata ta rungume ni, wata ta ɗaga hannuna sama, wata tana cewa dā ma ita ta daɗe tana zargi, wannan kafaɗar tulun ba ta tsohon hannu ba ce. Suka juya kan uwata suna yi mata barka, wai ta yi ɓoyo, ta iya renon hannu. Babu mai mugun nufi a cikinsu ko ɗaya. Su magina ne, abin da suka gani kawai shi ne yarinya ta isa. Kuma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, bari in ƙarasa: daɗi na ji. Kafin tsoro ya zo, daɗi ne ya riga shi, ya cika mini ƙirji. Sai da na waiwaya na ga uwata zaune a ƙasa daɓas, ta fitar da hannuwanta daga zane ta ajiye su a cinya suna ta rawa a gaban kowa, sannan na gane abin da na yi mata.

Babu tukunyar da ta fashe. Muka janyo su da dogayen sanduna suna ja wur, na yayyafa musu ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, suka yi ƙara suka ɗauki duhu mai ƙyalli. Da la'asar, da randar ta huce, na roƙi Iya a bar rakiyar. Ta ɗauka kunya ce. Ta ce, "Kunyar mi? Mu munka yi, uwayenmu sunka yi." Mata huɗu suka ɗauki randar, sauran na biye suna tafi da guɗa, tun daga ƙofar gari har tsakar gidanmu.

Uwargida ta fito ta tsaya. Iya ta durƙusa ta ce, "Barka, ranki shi daɗe. Gidanki ya samu sabuwar maginiya. Tarin yau duk hannun ɗiyar ga ne." Uwargida ta zaga randar sau ɗaya, ta ƙwanƙwasa, ta saurara. Ta sa aka ba matan goro, ta sallame su da fara'a. Da suka fita, ta ɗebi ruwa a ƙoƙo, ta cika shi fal, ta miƙa wa uwata. Ta ce, "Riƙa min."

Uwata ta karɓa. Muna tsaye mu uku muna kallon ruwan yana zuba ta kowane gefe, yana bin hannunta har gwiwa. Uwargida ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi ƙoƙon ta ajiye, ta shiga ɗaki, ta fito da sabon zane baƙi mai ratsin fari, ta ɗora mini a kafaɗa. Ta ce, "Madalla da ke."

A rumfa na faɗi a gaban uwata ina kuka ina ba ta haƙuri. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce in tashi in jiƙa yumɓu, gobe akwai aiki.

Bayan sati biyu maigida ya dawo, da baƙinsa. Cikinsu akwai wani ɗan kasuwa daga kudu da ya sayi jakuna a hannunsa. Rumfarmu na jikin turke, don haka da kunnena na ji cinikin ta cikin zana. Da suka shirya, baƙon ya ce cikin raha, "To, ba gyara?" Kamar yadda mai sayen tukunya kan ce a ƙara masa ɗan kasko. Maigida ya yi dariya ya ce, "Akwai wata tsohuwa nan. Tafi da ita, ko kaji ta kore maka daga shanya." Suka yi dariya tare, suka wuce zancen igiya da akumari. Ba ta tsufa ba fa. Furfurarta ba ta kai rabin kai ba.

Na ruga wurin uwargida na kama ƙafarta. Na ce zan yi aikin mutum biyu, zan raba tuwona da ita, ba za ta ci ƙwayar gidan ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Dā ma aikin mutum biyu kikai, shekara nawa, kuna cin tuwon mutum biyu. Tashi, kina jiƙa min zane." Ko a lokacin muryarta ba ta ɗaga ba.

Da safe ayarin ya shirya. Kayan uwata ƙunshi ɗaya ne, tsakuwar gugarta ma ta bar mini. Da za ta fita ta tsakar gida sai ta tsaya wurin randar, wadda aka riga aka girke a gindin bishiya aka cika da ruwa. Ta zura hannu ciki, ta shafa ƙarƙashin kafaɗa, inda magina ke duba haɗi. Ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Nan kin bar kauri. Gaba ki kankare."

Na ce, "Inna."

Ta ce, "Da ni ne na gina shi, ni ma da na fizge." Ta gyara ƙunshinta a ka. "Kada ki bar kowa shi kunna miki."

Aka hana ni wuce zaure. Na yi shekaru ina tare fatake masu dawowa daga kudu ina tambaya, mace mai tsagen Kambari, hannunta na rawa. Wasu su yi dariya, wasu su ce Allah ya sada mu. Babu wanda ya taɓa cewa ya gan ta.

Maganarta ta ƙarshe kuwa na riƙe ta kamar hauka. Aka yi mini aure da wani bawan gidan, na haihu, na ci gaba da gini. Da tsohon ciki na kunna wutata, da zazzaɓi na kunna. Na taɓa bin wata yarinya da sanda don ta gifta da garwashi kusa da tarina. Aka san ni a matoya da zafin rai. Abin da ba su sani ba shi ne, ƙa'idar nan ita ce kaɗai abin da nake jingina da shi. In dai gaskiya ce, to ban sayar da uwata a banza ba, ko ba komai na ceci tarin, kuma ita da bakinta ta ce da haka za ta yi.

Wajen shekara tara bayan tafiyarta, wata ranar tuya, ina toshe tsakanin tukwane da kashin shanu kunama ta harbe ni a yatsa. Zafin ya hau har hammata, na ga duhu-duhu. Aka janye ni gindin wata ɗorawa ana ɗaure mini hannu. Kowa ta kunna nata, nawa na tsaye, iska kuma ta fara motsi. Sai wata amaryar Fulani, baƙuwa, wadda ranar ce ta fara kawo mana kashin shanu, ta ga tari ɗaya ba wuta, mai shi a kwance. Ta ga abin taimako ne. Ta zari itace ta cusa. Kafin a yi ihu ciyawa ta kama.

Mata suka ɗau salati. Yarinyar ta tsorata ta bar ƙwaryarta ta gudu. Ni kuma na kwanta a gindin ɗorawar na rufe ido ina jiran ƙarar. Ba tsoronta nake ba, roƙonta nake. Wutar ta ci, ta lafa, ta zama toka, ban ji komai ba.

Da aka janyo tukwanen lafiya lau, matan suka yi ta mamaki. Wata ta ce ina da sa'a, wata ta ce ai hannun Bafulatana ba ya cikin lissafi tunda ba ta gini. Suka yi dariya, suka kama harkarsu. Na rarrafa da kumburarren hannu na zauna a tsakiyar tukwanen. Baƙin cikin da na ji ranar ya fi na ran da aka tafi da ita, domin ranar ina da abin riƙewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa, ina kai kunne, ina ɗaga su wajen rana ina neman tsaga ko da ta kai siririn gashi. Da na kai ƙarshe na sake komawa farko. Har aka watse aka bar ni, babu wadda ta tsage.